Bakin Allura

Tun Nuwamba rana ta yi sallama da Berlevåg,
ba za ta leƙo ba sai Janairu ya tsufa.
A nan fitilar mota ita ce hantsi,
ita ce kuma tsakar rana.

Ƙarfe goma na safe, duhu dunɗum,
Sølvi ta turo hancin motarta gareji,
jakar awon jini a kujerar gefe,
tsofaffi bakwai na jiran ta a gidajensu.
Ta ce, Oddvar, ta hagu ce.
Jiya ta mutu sau uku a hanyar Kongsfjord,
ga bareyi a bakin titi, ga teku a ƙasa.

Na kunna. Ta kawo, tar!
Na kashe, na kunna. Tar, kamar ba ita ba.
Haƙori ne da ya ga likita,
ya lafa, ya bar mai shi da kunya.

Ta ce wallahi ba ƙarya nake ba.
Na ce na sani.
Abin da ya mutu murus bai taɓa hana ni barci ba,
mai zuwa ya koma shi ne ɗan banzan.

An canja ƙwai sau biyu. Fis lafiya lau.
Batir kamar doki.
Sai na ajiye sifana, na ja kujera.
Yaushe take yi? In an yi sanyi?
A'a, in ji ta, ranar da ƙanƙara ta narke.
A ina? Ta yi shiru, ta lumshe ido:
a kan gada, inda taya ke cewa gaf-gaf.
Kafin ta mutu tana yin ja,
kamar garwashin da aka manta da shi.

To, ruwa ke nan, da girgiza.

Na kashe wutar gareji, na bar ta mota kaɗai
tana haska bango da kalandar bara.
Na tura hannu bayan ƙwai,
ina bin waya taƙi-taƙi,
nan in murza, can in ja,
yatsu sun ƙage, hanci na zuba.
Shiru. Shiru.
Kusa da tankin ruwan goge gilashi
na lanƙwasa ta kaɗan,
bango ya ƙifta ido.
Na saki, ya buɗe.
Sølvi ta yi dariya irin ta wanda aka wanke a kotu.

Daga waje robar sumul, ba ko ƙwarzane.
Na tsaga ta da reza,
sai kore ya zubo a tafina,
gari-gari, kamar kuka a faranti.
Silin jan ƙarfe goma sha wani abu,
biyu suka rage riƙe da juna,
su ke ɗauke da hanyar Kongsfjord duk damina da hunturu.

Gishiri ne, na iskar teku da na titi.
Amma gishiri ba ya shiga sai an buɗe masa.
Na kai robar gaban fitila, na juya.
Ga ta nan: huda ɗaya, bakin allura.

Na san allurar.
Tana cikin aljihun rigata yanzu haka.
Shekara shida da suka wuce, wata Juma'a,
ina sauri kada miyar kifi ta huce,
na soka ta nan don in ga ko wuta na zuwa.
Wuta na zuwa. Na zare, na rufe bonet,
ban liƙe ba.

Na yanke har inda jan ƙarfe ke ƙyalli,
kamu ɗaya da rabi,
na haɗa sabuwa, na narka dalma,
na sa mata riga, na gasa ta kama,
na cusa giris a soket har ya yi tumbatsa.
Na girgiza motar da kafaɗa. Bango bai motsa ba.

Nawa ne? in ji ta.
Na ce an biya tun tuni.
Ta dube ni, ta dubi agogo,
tsohon Ragnvald na jiran allurarsa.

Na tsaya a ƙofa, iska na yankan kunne,
ina kallon hasken biyu suna hawa tudu.
Daga nan ba a ganin gadar.
Duk da haka na tsaya.